Girkin Sallah tun azumi bai ƙare ba: me ke shiga firiza, me ake bari sai ranar?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bana ni ce da girkin Ƙaramar Sallah a gidanmu, mu kusan 25 ban da 'yan yawon Sallah. Bara a kicin na kwana, ko Idi ban samu zuwa ba. Ina so in yi waina da miyar taushe, soyayyar shinkafa, kaji da samosa. Ina da firiza, amma wutar unguwarmu sai a hankali. Wanne zan iya yi tun a goman ƙarshe in ajiye? Ga shi uwar mijina ta ce abincin firiza ba ya daɗi. Daga wata matar aure a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, in dai gamammen abinci ake nufi. Miyar da aka zuba wa alayyahu, aka daskarar, aka sake ɗumamawa, ganyen ya yi duhu ya saki ruwa, duk wanda ya san miya zai gane. Don haka kada ki gama girkin ki ajiye. Wahalarsa za ki ajiye: markaɗe, sulala nama, yanke-yanke da naɗe-naɗe. Su ne suka hana ki barci bara, kuma su ne sanyi ba ya taɓa wa ɗanɗano.

Ki fara da kayan miya. Ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ki ɗora a wuta ba mai ba gishiri, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya tsotse, ya yi kauri, tsamin ya tafi. Bokiti guda na ɗanyen markaɗe sai ya dawo ɗan kaɗan, kin ga kin rage cin wuri. Kabewar taushe ma ki dafa ta ki dama, ki ajiye daban. Ranar Sallah soya kayan miya kawai za ki yi, ki zuba romo da kabewa da niƙaƙƙiyar gyaɗa, alayyahu da yakuwa su shiga ɗanyu a ƙarshe. In kin yi haka, ko Hajiya ba za ta ce miyar ta ga firiza ba.

Kaji kuwa ki sulala su da albasa da citta da tafarnuwa, ki tsame, ki ajiye naman daban, romon daban. Suya sai ranar, domin kazar da aka soya aka daskarar bushewa take yi in an sake ɗumama ta. Samosa ɗanya ake ajiyewa. Ki naɗa, ki jera a tire kada su taɓa juna, su yi tauri tukuna kafin ki juye a leda, in ba haka ba su manne su zama dunƙule guda. Daga firiza sai cikin mai, a matsakaiciyar wuta don cikin ya yi zafi. Kin bari suka narke, fatar ta jiƙe ta yage. Karas da koren wake na soyayyar shinkafa, ki yanka, ki jefa a tafasasshen ruwa minti 2, ki tsame zuwa ruwan sanyi, ki tsane su sosai.

To amma inda mata suka fi samun matsala ba cikin firizar ba ne, tsakanin tukunya da firiza ne. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na zafi, kuma ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. In zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Kin san yadda Zariya take a Maris da Afrilu. Babbar tukunyar romo da aka sauke bayan sallar tarawihi aka ce bari ta huce zuwa sahur, samanta ya yi sanyi amma tsakiyarta tana nan da ɗumi awa da awanni. Ki raba a faranti masu faɗi, ko ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi kina juyawa. Da ya huce ki zuba a leda mai kauri, gwargwadon girki ɗaya ɗaya, ki matse iskar, ki kwantar da ita ta yi fale-fale kamar littafi. Ta fi saurin daskarewa, ta fi saurin narkewa. In roba ce kada ki cika ta fal, ruwa kumbura yake in ya zama ƙanƙara, sai ya ɗaga murfi. Ki rubuta suna da kwanan wata, don markaɗe da kabewa in sun daskare kamanninsu ɗaya cikin dare.

Maganar wuta. Firiza tana aikinta ne a digiri 18 ƙasa da sifili. In an ɗauke wuta, wadda take cike takan riƙe sanyi kusan awa 48 muddin ba a buɗe ta ba, mai rabi kuma kusan awa 24. Saboda haka ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su zama ƙanƙara, kuma ki kafa wa yara doka, ruwan buɗa baki a nemo shi a kula. Akwai wata dabara: ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora ƙwandala a kai, ko wankakkiyar tsakuwa tunda ƙwandala ta yi wuya yanzu. Kika tarar da ita a gindin kofi, to komai ya narke ya sake daskarewa ba ki sani ba. Abin da har yanzu yake da ƙanƙara a jiki ana iya mayarwa. Naman da ya narke ya ɗau ɗumi, ki haƙura da shi, ko da bai yi wari ba. In wutarku takan yi kwana biyu ba ta zo ba kuma babu janareta ko sola, kada ki fara tun goman ƙarshe, ki bari sai saura kwana 3.

Shinkafa kam ranar za ki dafa. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita, in shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Ga shi dafa ta ba wani aiki ba ne in kayan haɗi suna hannu. Ƙullun waina ki markaɗa ranar jajibere da yamma ya kwana ya tashi. Latas, kokwamba, dafaffen ƙwai da duk abin da aka sa wa mayonis ba sa shiri da firiza. Cincin ba ya buƙatarta, mazubi mai murfi ya ishe shi.

Tunda ranar Sallah sai an ga wata, ki sauko da kaji da romo zuwa firji da safiyar 29 ga Ramadan. In azumi ya cika 30, dafaffen nama yana jure ƙarin kwana ɗaya a firji mai sanyi. In lokaci ya ƙure, ki tsoma ledar a ruwan sanyi kina canza shi duk minti 30, ban da shanyawa a rana. Romon kuma ki tabbata ya tafasa sosai kafin ya shiga miya.