Amsa kan tallafin kuɗi mai sharaɗi

Malam, ka tambaya ko kuɗin da gwamnati ke bai wa matalauta bisa sharaɗin tura yara makaranta da asibiti yana sauya rayuwar iyali, ko kuwa cinyewa kawai ake yi.

Ƙasar Meziko ce ta fi dacewa a duba, domin tun da ta ƙaddamar da shirin Progresa a 1997 aka riƙa kwatanta ƙauyukan da suka fara karɓa da waɗanda aka jinkirta musu. A lokacin shirin, uwa aka riƙa danƙa wa kuɗin, muddin ɗanta ya halarci kashi 85 cikin 100 na ranakun karatu, ta kuma riƙa kai ƙanana awo, sannan kason 'ya mace a sakandare ya ɗara na namiji saboda ita aka fi saurin cirewa. An samu ƙaruwar masu wucewa sakandare bayan firamare, aikatau da wahalar yara sun ragu, abincin gida ma ya inganta. Barazil ta bi sahu da Bolsa Família a 2003. Zargin cewa maza za su ƙarar da kuɗin a giya da taba kuwa, binciken Bankin Duniya bai gaskata shi ba.

Sai dai zaman aji daban, koyo daban, domin sakamakon jarrabawa bai ɗaga sosai ba a wurare da dama. A ganina nan ne gizo ke saƙar, musamman a ƙauyen da malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa uku, asibitin kuma babu magani.