Tambayoyinku: Don na yi wa yarona wanka, an ce an shanye ni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a karkarar Ringim, nakan je ci-rani Legas. A gidan da muke haya na ga magidanta Yarbawa suna yi wa 'ya'yansu wanka. Maiɗakina ta haihu a daminar nan, ga ɗan shekara uku a gabanta. Da na fara wanke shi, Inna ta ce an shanye ni. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka yi laifi ba, ka dai faro ne ta inda ido ya fi gani. A Sahihul Bukhari, Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Risala ma ta ce mai yalwa ya samar wa matarsa mai yi mata hidima.

Kowace ƙasa da yadda ta tsara nata. A Suwidin iyaye na da hutun raino na kwana 480, kuma 90 daga ciki na uba ne, ba ya bar wa uwa. A nan, a 2021 aka amince wa ma'aikatan gwamnatin tarayya maza kwana 14. Manomi kuwa ba mai ba shi hutu, ciyawa ba ta san an yi haihuwa ba. Don haka fara da aikin ƙarfi, wanda al'adarmu da ma ta ɗora wa maigida.

Ruwa ne kan gaba. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, bai dace da mai jego ba. Gida mai mutum shida, in ka ƙiyasta lita 20 ga kowa, jarka biyar ke nan, ban da na wankan jego safe da yamma da wankin tsummokaran jariri. Ɗebo da asuba a kura ko amalanke kafin ka tafi gona. Wanda ya bari sai ya dawo a gajiye, ƙarshenta matar ce ke ɗaukar bokiti. Faskara itace ka jibge a rumfa, don jiƙaƙƙen ice hayaƙi yake yi, yana sa jariri tari. Surfe da niƙa ka kai inji, amma na kwana uku ko huɗu kawai: garin gero ba ya jimirin ajiya, yakan yi ɗaci, da damina har ya yi hunhuna.

Shi yaron, wanke shi da yamma a bayan ɗaki, ka taɓa ruwan da gwiwar hannu kafin ka zuba masa. Ya kwana wurinka cikin gidan sauro, uwar ta ji da jariri kaɗai. Yawancin rigimar da yara ke yi bayan an yi musu ƙani kishi ne, wannan na rage ta.

Batun Inna, kada ka ja da ita, kada ka ce mata "haka ake yi a Legas". Randarta za ka fara cikawa kullum. Sau da yawa abin da ke cin uwar miji shi ne ita ta yi nata jegon ba mai ɗaga mata tulu. In kana da mata biyu, abin da ka yi wa wannan ka yi wa waccan, ko ba ita ke da girki ba. Kuma kada a cire 'yar shekara bakwai daga makaranta don raino.

Bayan arba'in ku zauna da maiɗakin ku ware abin da zai ci gaba a hannunka. Kafin ka koma ci-rani, yi ciniki da ɗan garuwa, jarka nawa a rana, ka biya shi na wata guda tun kana nan.