Tambaya da Amsa: An bi kaina da ƙarfen miƙar da gashi yana da danshi, yanzu sai karyewa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Lokotoro. Daga Tahoua nake rubuto miki, kuma hankalina a tashe yake. Sati uku da suka wuce, ranar ɗaurin auren ƙanwata, na wanke kai da hantsi, sai kuran ya ɗauke, na ɗaure shi da kallabi na shiga hidimar baƙi. Da wuta ta dawo bayan la'asar lokaci ya ƙure, mai gyaran gashi ta taɓa ta ji da sauran danshi, ta ce ba komai, ai danshin ma shi ke hana gashi ƙonewa. Ta bi shi da fer, ina jin "cuuu", tururi na tashi, ta ce alamar yana kamawa ke nan. Ranar kam ya kwanta luf. Amma tun da na sake wankewa ya koma kamar tsintsiya, in na sa mataji sai guntaye su zubo mini a kafaɗa kamar an bi su da almakashi. Shekara biyu ke nan ina sa defirizan, man nan mai miƙar da gashi. Wata ta ce in sayi wani mai na jaka takwas, wata kuma ta ce baki aka yi mini a wurin biki. Gashin nan zai dawo, ko sanƙo zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika kwatanta ba hanyar sanƙo ba ce. Guntaye ne ke zubowa, ma'ana gashin daga tsakiya yake karyewa, saiwarsa kuma tana nan a cikin fata lafiya lau. Ki ɗauki ƴan silin da suka faɗo ki shimfiɗa a kan farar takarda ki duba. Wanda ya tuge daga saiwa dogo ne, da ɗan farin ƙulli a gindinsa. Wanda zafi ya karya gajere ne, ba ƙulli, bakinsa a tsage. Naki na biyun ne. Sabon gashi zai fito, amma wanda ƙarfen ya riga ya dafa ba zai gyaru ba, kuma gara in gaya miki haka tun yanzu kafin ki kai jaka takwas ɗinki inda ba za ta dawo ba.

Yanzu bari in tsaya kan maganar mai gyaran gashin nan, don ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Da wuya mako ya wuce a nan Yamai ban ji ta daga bakin wata mata ba: wai danshi yana kare gashi, wai tururi alamar aiki na kyau ne, har da masu cewa yana ciyar da gashin. Na san inda aka samo ta. Duk mun tashi muna ganin mai guga yana yayyafa wa shadda ruwa kafin ya ɗora ƙarfe, tururi ya tashi, shadda ta fito tana ƙyalli. Sai aka ɗauka gashi ma haka yake. To shadda saƙa ce, tururi yana bi ta tsakanin zarenta ya fice abinsa. Silin gashi kuwa a rufe yake. Bayansa ɓawo ne mai hawa-hawa, an jera shi kamar ɓawon kifi, cikinsa kuma cike da furotin ɗin keratin. In ya jiƙa, ruwan ba a bayansa kawai yake tsayawa ba, yana shiga ciki, har gashi ya iya shan ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Yawancin waɗannan ƙarafan suna aiki tsakanin digiri 180 da 230. In kika matse jiƙaƙƙen sili tsakanin faranti biyu masu wannan zafi, ruwan da ke cikinsa yana tafasa nan take, kuma ruwa in ya zama tururi yana buƙatar wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki. Ina zai je? Sai ya kumbura silin daga ciki, ya buɗe ramuka, ya ɗaga ɓawon ya fita da ƙarfi. Kin ga yadda ƙwayar masara ke fashewa ta zama gugguru a tukunya? Danshin da ke cikinta ne ya fasa ta. Wannan "cuuu" da kika ji, ƙarar ruwan da ke tafasa a cikin gashinki ce.

Likitocin fata sun san wannan ɓarna, an bayyana ta a rubuce tun 1986, kuma sunanta gashi mai kumfa, saboda yadda take bayyana a ƙarƙashin madubin likita. Na sha nuna wa mata nasu da idonsu: sili guda, cikinsa ramuka a jere kamar soso, wani wurin ya kumbura, bangon ya yi siriri har haske na ratsa shi. Daidai kan ramin nan yake karyewa. Shi ya sa ba a ganin abin a ranar biki. Ranar yana kwance a miƙe, babu mai jan sa. Sai an wanke, an taje, an ja shi wurin kitso, sannan ya fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ba ramukan kaɗai ba ne. Keratin ɗin busasshen gashi yana jure zafi har sama da digiri 200 kafin ya lalace, amma in yana jiƙe, tun wajen digiri 150 yake fara dahuwa. Wato ruwan da aka ce miki garkuwa ne, shi ke rage wa gashin juriya. Zafin da busasshen gashi zai ɗauka ya tsira, shi ne zai kashe mai danshi. Ki haɗa da cewa gashinmu ba zagayayye ba ne kamar na mutanen Sin, a ɗan baje yake yana murɗewa, kuma kowane murɗi wuri ne mai rauni. Ki ƙara da shekara biyu na defirizan, wanda aikinsa ke nan tsinka igiyoyin da ke riƙe da ƙarfin gashi don ya miƙe. A kan wannan gashin aka ɗora wuta da ruwa lokaci guda.

Abin da ke ba ni haushi, mai gyaran nan ta taɓa ta ji danshin. Ba ta ce "Hajiya, zauna ƙarƙashin kaske, injin busar da gashi, minti ashirin" ba, don layi ya yi tsawo, kuran kuma ba a san lokacin da zai sake tafiya ba. Na fahimci matsin ranar biki, amma kan mutum ba wurin sauri ba ne. Wasu har feshin ruwa suke yi da gangan kafin su ɗora ƙarfen, wasu su lafta basilin ko man shanu su bi da wuta, gashi na soyuwa, ƙauri ya cika shago, suna cewa hayaƙin mai ne. Na ga kunnuwan da tururi ya sale. Na ga goshin ƴan mata da tabon ƙuna, wanda a fatarmu yakan bar baƙin tabo na watanni. Ban ma zo kan haɗarin riƙe abin lantarki da jiƙaƙƙen hannu a shagon da wayoyinsa ke tsirara ba. Akwai kuma ƙarafan da ake tallarsu da cewa an yi su don jiƙaƙƙen gashi, masu ƴan huji a gefe don tururi ya fita. Hujin a jikin ƙarfe yake, ruwan kuma a cikin sili yake tafasa. Ban ba kowace mace shawarar amfani da su ba, balle mai defirizan.

Wani tarkon da ku matan gida ke faɗawa shi ne na kallabi. A zafin Tahoua na watan Afrilu, gashin da aka bari a buɗe cikin ɗaki ba ya daɗewa bai bushe ba. Amma in an wanke, ko an yi wankan tsarki, aka tufke shi aka rufe da kallabi da hijabi, samansa zai bushe, ƙasansa kuma ya yini da danshi. Kafin a kusanto da ƙarfe, ki tsaga gashin a ƙeya da tsakiyar kai ki sa yatsa a gindi. In kin ji sanyi-sanyi, bai bushe ba. Ko ki matse tsagi ɗaya da takarda mai laushi ki ga ko za ta yi tabo.

Batun man jaka takwas: gashin da ya fito daga fata ba shi da jini, ba shi da rai, ba ya warkewa kamar yanka. Babu man da zai cike ramin da tururi ya fasa, ko daga Dubai aka kawo shi. Mai yana lulluɓe silin ya yi santsi, ya rage karyewa wurin taza, kuma man kaɗe na kasuwa zai yi miki wannan. Maganar baki kuwa, ƙanwata, kin ji ƙarar da kunnenki, kin ga tururin da idonki. Kada ki ɗora wa ƴan'uwan da suka zo taya ku murna zargin abin da ƙarfe ya yi. Na ga zumuncin da irin wannan zato ya ɓata, alhali maganin matsalar almakashi ne.

Almakashin kuwa shi ne farkon abin yi. A datse duk inda ya yi kaushi ya tsage, don tsagewar tana hawa sama in an bar ta. In ba za ki iya rabuwa da shi gaba ɗaya ba, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan duk wata. Ki ajiye ƙarfe da defirizan aƙalla wata uku. Ki wanke sau ɗaya a mako, ki sa man laushi na bayan shamfu, ki warware da yatsu ko mataji mai faɗin haƙora tun man yana kai, daga baki zuwa gindi. Kitso ya zama manya kuma sakwa-sakwa, ban da ƙarin gashi mai nauyi. Gashinmu yana tsiro ƙasa kaɗan da santimita 1 a wata, don haka cikin wata shida za ki ga kusan santimita 5 na sabo mai lafiya.

In kin koma ga ƙarfen nan gaba, sai kai ya bushe ƙarau. Ki nemi mai lambobin zafi a jiki, wanda ba shi da su ki bar shi a kasuwa. Ga mai defirizan digiri 150 zuwa 160 ya isa, kowa ma kada ya wuce 180. Ki fesa maganin kare zafi mai silikon, ki jira shi ma ya bushe, ki ɗauki tsagi ƙarami ki wuce sau ɗaya ba tare da tsayawa ba. Da zarar kin ji ƙara ko kin ga tururi, ki ce a dakata, ko da amarya na jiran ki a mota.

Sai dai ki riƙa duba tsakiyar kanki da madubi biyu. In kin ga wuri ya fara yin fili, fatar tana sheƙi babu ƙofofin gashi, ko kina jin ƙaiƙayi, zafi ko ƙuraje a wurin, wannan wata cuta ce daban mai cin saiwa ta bar tabo, tana yawan kama mata baƙar fata daga tsakiyar kai, kuma inda ta cinye gashi ba ya sake fitowa. Ita ba a jira da ita wata uku. Ki je asibiti a wannan makon ki nemi a haɗa ki da likitan fata, ki tafi da guntayen gashin a cikin takarda da kwalin defirizan ɗin da kike sawa.