Amsa ga mai tambaya kan gadon teɓa da adiponectin

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka: Baba da yayyenka biyu duk suna fama da teɓa, suga da hawan jini, ka kuma ji ana maganar adiponectin, har kana fargabar ko abin a jini yake, babu makawa. Shekara shida da suka wuce ni ma wannan fargabar ta hana ni barci, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Adiponectin furotin ne da kitsen jiki ke fitarwa cikin jini. A 1995 Philipp Scherer da abokan aikinsa suka gano shi a Amurka. Furotin ɗin ne ke zaburar da tsoka ta ƙona kitse, ya hana hanta kwararo suga barkatai, ya sa jiki ya ji maganar insulin, sinadarin da ke saukar da sugan jini. Abin da ya ɗaure mini kai, tunda kitse ke yin sa, na zaci mai ƙiba zai fi kowa samunsa. Ashe ba haka ba ne. Duk yadda kitsen cikin tumbi, wanda ke lulluɓe hanji, ya ƙaru, haka adiponectin ke ja baya. Daga nan suga ya fara hawa, maiƙon jini ya ƙaru, hawan jini ya biyo sahu.

Gado gaskiya ne. Ƙwayar gadon da ke sarrafa adiponectin, ADIPOQ, tana kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 3, kuma akwai waɗanda tasu ba ta ba da shi da yawa tun asali. Amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba.

Ranar da na je asibiti, likita bai tsaya kan sikeli ba. Tef ya ɗauko ya zagaya ƙuguna daidai cibiya: santimita 108, alhali namiji ba a so ya haura 102, mace 88. Na bar lemon kwalba, na kama tafiyar minti 40 kullum da yamma. Wata takwas, sai da na ƙara huda bel ɗina har sau biyu, sugan da ake auna mini kafin in ci komai ya sauko. Rage ƙiba kuwa yana ɗaga adiponectin.

Don Allah kada ka ɓata kuɗi neman gwajin adiponectin. Ka je a auna maka ƙugu, hawan jini, suga da maiƙon jini, ka ja yayyenka ku tafi tare. Wanda yake kan magani kuma kada ya ajiye sai likita ya ce.