Amsa ga mai tambaya kan noman ratan

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko za a iya shuka ratan a fili kamar yadda ake shuka gora, kuma shekara nawa yake yi kafin a fara yanka. Na yi aiki a wajen rainon dashensa lokacin da nake karatun gandun daji a Malesiya, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

A fili dai ba ya yi. Ratan ɗan dangin dabino da kwakwa ne, amma ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Hawa yake yi. Yana fitar da wasu dogayen tsinkaye masu ƙaya a lanƙwashe, su maƙale a reshen bishiya, ya ja jikinsa sama yana neman rana, har tsawonsa ya kan wuce mita 100. In babu bishiyar da zai kama, sai ya kwanta a ƙasa ya nannaɗe, karan ya lalace. Shi ya sa a Malesiya ake dasa shi a ƙarƙashin itatuwan roba ko cikin dajin da aka taɓa sara. Kuma yana son ruwan sama mai yawa da laima kusan duk shekara. Inda rani ke daɗewa, wahala kawai za ka sha.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne nau'in da za ka zaɓa, domin nan mutane suka fi yin asara. Manau, wato Calamus manan, shi ne mai kauri da ake ƙera ƙafafu da firam ɗin kujeru da shi, kuma ya fi kowanne daraja. Sai dai kara ɗaya tak yake yi. Ka jira shekara 12 zuwa 15, ka yanke shi, shi ke nan, gindin ya mutu. Sega kuwa, Calamus caesius, siriri ne, na saƙa da ɗauri, amma yana 'ya'ya daga gindi. Bayan shekara 7 zuwa 10 za ka fara zaɓen manyan kara ka bar ƙanana, ka dawo bayan 'yan shekaru ka sake yanka. Manoman Kalimantan a Indonesiya, musamman na bakin kogin Barito, sega da irit (wani siririn nau'in ratan) suke nomawa tun kaka da kakanni. Ga mai ƙaramin ƙarfi, ni sega nake ba shawara, ba tare da wata tantama ba.

Batun iri: ɗan itacen yana da ɓawo mai sheƙi kamar na kifi. Ka ɓare shi, ka murje tsokar da ke manne da ƙwallon, ka wanke, ka shuka nan da nan cikin yashi mai laima. Kada ka shanya shi, in ya bushe ya mutu. Tsiron yana jinkiri, wani ya yi makonni, wani watanni. Ka raine shi a leda ƙarƙashin inuwa kusan shekara guda kafin ka kai shi gona. In kana son tara irin kanka nan gaba, ka sani akwai namiji akwai mace, dole ka samu duka biyun.

Yankan ma aiki ne ja. Ana sare gindin, a jawo karan daga saman bishiya da ƙarfi, matattun rassa da tururuwa na zubo maka, sannan a sulle kuben mai ƙaya. Sau da yawa wani sashe ya kan maƙale can sama a bar shi. Manau ana dafa shi cikin man dizal da aka gauraya da man kwakwa don ya fitar da danƙo, sirara kuma a turara su da farar wuta, duka a shanya su sosai. In ka yi sake da shanya, funfuna da ƙwari za su ɓata maka wahalar shekaru.

Amfaninsa ya wuce kujera da kwando. Cikinsa ba rami ba ne irin na gora, don haka da tururi ake lanƙwasa shi yadda ake so. A Lawos da Tailan ana cin sabon tohonsa, wasu nau'o'in kuma ana samun jan ƙaro daga 'ya'yansu don rini da magani. Kasuwa tana nan: Indonesiya, wadda ita ce kan gaba a duniya, ta hana fitar da ɗanyensa tun 2012 don masana'antunta irin na garin Cirebon su samu abin aiki.

Faɗa mana irin bishiyoyin da ke filin naka da yadda damina take a wurin, sai mu duba tazarar dashe tare.