Batiran jirgina ba sa kai asuba, kuma wayar batir tana zafi tun da aka cire fis

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwar kifi ne daga Yawuri. Ina da babban jirgin katako mai rumfa, a ciki muke kwana ni da ƙannena biyu da ɗana, wani lokaci har sati biyu a kan tafkin Kainji muna bin masunta muna sayen kifi. Ina da batir biyu na bolt 12, kowanne 200Ah, da farantan sola biyu masu wat 250, da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai wat 1500. Da su nake kunna firiza, ƙwai shida, fanka da cajin wayoyi, yara kuma kan jona hita su dafa shayi. Wata takwas ke nan da sayen batiran, amma yanzu ba sa kai asuba. Fis ɗin da ke tsakanin batir da inbata ya ƙone sau uku, sai mai gyara ya cire shi ya haɗe wayar kai tsaye, ya ce wutar batir ba ta kisa, sayen fis asarar kuɗi ne. Tun ranar wayar take ɗaukar zafi, shekaranjiya da dare har na ji ƙaurin roba. Hankalina ya tashi, domin jarkokin fetur ɗina suna nan a ƙasan jirgin. In ƙara batir na uku ne, ko yaya zan yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Maganar batir na uku mu ajiye ta tukuna. Yau ɗin nan, kafin magariba, ka kashe inbata, ka ɗage rumfa iska ta shiga sosai har warin fetur ya tafi, sannan ka kwance wayar daga kan batir, ka fara da baƙar. Kada kowa ya sake kwana a jirgin nan da wannan haɗin. Ƙaurin robar da ka ji, rigar wayar ce ta fara narkewa.

Batun mutuwar batiran ba shi da wuya, lissafi ne. Batiranka biyu suna ɗauke da kimanin wat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka tara) 4800, amma batirin dalma rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 2400. Firiza da ake ta loda wa ɗanyen kifi a zafin Yawuri za ta iya shanye 2000 ita kaɗai a kwana guda. Ƙara ƙwai, fanka, caji, da abin da inbatar kanta take ci ko ba a jona mata komai ba, za ka tarar ka kai 3500 ko fiye. Farantanka kuwa, wat 500 sau awa biyar na rana mai ƙarfi, in aka cire asarar zafi da ƙura da waya, abin da zai shiga batir bai wuce 1750 ba, lokacin hazo ma bai kai haka ba. Kullum kana ɗiban ninki biyu na abin da kake zubawa. Batirin da ba ya cika, gishirin dalma yana ƙanƙarewa a farantansa, daga nan ba ya sake komawa yadda yake. Ka auna da mita bayan ya huta wasu awanni babu komai a kansa: 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi, in ka ga ƙasa da 12 to kana kashe shi ne. Batir na uku ƙarin randa ne alhali rijiyar ce ba ta kawo ruwa, kuma sabo in aka haɗa shi da tsofaffi, su za su ja shi ƙasa. Faranti za ka ƙara, aƙalla ka ninka na yanzu, da kwantirola, wato na'urar daidaita caji, mai iya ɗaukarsu. Hita kuma a raba ta da inbata har abada.

Yanzu ga abin da ya dame ni a wasiƙarka. Wannan magana ta "wutar batir ba ta kisa" na gaji da jin ta. Kusan kullum sai na ji ta, a bakin masu gyara, a bakin masu sayar da kayan sola, har a bakin mutanen da suka yi karatu. Abin da ya sa ta kama zukata shi ne akwai ɗan guntun gaskiya a cikinta: ka dafa duka kawunan batir da busasshen hannu, ba za ka ji komai ba, domin bolt 12 ba shi da ƙarfin ratsa fata. Daga nan sai mutum ya ɗauka babu haɗari ko kaɗan. To amma wa ya ce an sa fis don kada wuta ta ja mutum? Aikin fis shi ne ya mutu kafin waya ta kama wuta. Gobara yake tsarewa, kuma wajen gobara batir ya fi soket ɗin gida haɗari.

Duba nan. Hitar yaranka mai wat 1000, in ka jona ta a gida kan bolt 230, amfiya huɗu da 'yan kai take ja, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Ita dai wannan hita, in ta bi ta inbata, daga ɓangaren batir sai ta ja amfiya casa'in zuwa ɗari. Ƙasƙantar bolt ita ce take hawar da amfiya, kuma amfiya ce take dafa waya. In kuwa cajin batir ya yi ƙasa da dare, inbata tana ƙara jan amfiya don ta cike giɓi. Ban ga wayarka ba, amma irin wayar gida mai milimita 4 da ake yawan sa wa mutane a wannan wuri, amfiya talatin da 'yan kai ne iyakarta. Ka ɗora mata ninki uku, zafin da za ta yi ninki tara ne. Fis ɗinka da ya ƙone sau uku ba lalacewa ya yi ba, Alhaji. Sau uku yana gaya maka kaya sun fi ƙarfin waya, sau uku yana ceton jirginka, sai aka zo aka cire shi don ya yi shiru.

Wannan fa duk a kan aiki na yau da kullum ne. Ranar da rigar wayar ta narke, jar waya ta taɓa baƙa, babu abin da zai tsayar da batir. Ƙaramin batirin mota ma yana ba da ɗaruruwan amfiya wajen tayar da inji, balle manya biyu da aka haɗe. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro yana ɗaure kan batir, sufana ta kuɓuce masa ta kwanta tsakanin kawunan biyu. Kafin ya janye hannu bakin sufanar ya manne da dalmar, ƙarfen ya yi ja, kan batir ya narke yana ɗiga kamar kitse. Da sanda muka doke ta. Yaron bai ji jan wuta ko kaɗan ba, amma tafin hannunsa ya saɓule. Tun daga ranar ba na barin kowa ya taɓa batir da zobe ko agogon ƙarfe a hannu. Waya marar fis haka take yi, sai dai ita tsawonta duka take ja lokaci guda, kamar ƙarfen hita, a kwance a jikin katakon da ya sha rana ya sha mai. Ba makunni, ba abin kashewa, sai ta tsinke don kanta ko batir ya fashe.

Kuma a jirgi kake. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, sauka yake yi ya kwanta a ƙasan jirgi, daidai inda mutane suka fi son ajiye batir. Shi kansa batir in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda kashi huɗu cikin ɗari a iska ya isa ta kama. Tartsatsi ɗaya ake jira. Wanda gidansa ya kama wuta yana da ƙofa, yana da maƙwabta. Kai a tsakiyar Kainji cikin dare ina za ka nufa da ɗanka? Shi mai gyaran da ya cire maka fis a gidansa yake kwana.

Abin da ya fi ba ni haushi, in ka tambayi irin waɗannan masu gyara amfiya nawa wayar nan za ta ɗauka, ba su da amsa, sai "haka muke yi wa kowa". Wani ya naɗe ƙonannen fis da ƙyallin kwalin sigari, wani ya cusa ƙusa, wani ya murɗa silin waya. Duk abu ɗaya ne da cirewa. Rayukan mutum huɗu amana ne a wuyan wanda ya haɗa wayar da wanda ya biya aka haɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida in za a yi barci. Batir cike da caji da waya marar fis wuta ce a ajiye, ko da ido bai ga harshenta ba.

Gyaran ga shi. Inbata mai wat 1500 a kan bolt 12, in ta ɗauki cikakken kaya, za ta ja amfiya kusan 140. Tana buƙatar waya mai milimita 35 zuwa 50, gajera iya yadda zai yiwu, kada ta wuce mita ɗaya da rabi. Ta zama jan ƙarfe zalla mai silili da yawa, domin sandararriyar wayar gida girgizar inji tana karya ta. Ka kankare bakinta da wuƙa tun a shago: in cikin ya fito fari kuma ba ta da nauyi a hannu, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ka bar musu. A matse bakin da kan waya na gaske, wato ƙarfe mai huji da ake sa wa a bakin waya, a ɗaure da noti, ban da murɗawa a naɗe da salatif, domin sako-sakon haɗi shi ne wurin da zafi yake fara taruwa. Fis ɗin ya zama babba irin na batir, girman da takardar inbatar ta faɗa, kuma kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Ya zauna a kan jar waya dab da batir. Ƙa'idar ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin haɗa wutar jiragen ruwa, ita ce inci bakwai, wato kamar santimita 18, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta. Kowace ƙaramar waya da ta fita zuwa ƙwai ko famfon kwashe ruwa ita ma da nata ƙaramin fis. Ka sa babban makunni inda hannu zai kai cikin duhu, ka nuna wa ƙannenka da ɗanka wurinsa.

Batiran su shiga akwati mai murfi da ramukan shan iska, a ɗaure shi kada igiyar ruwa ta motsa shi, a ɗaga shi daga ruwan ƙasan jirgi, jarkokin fetur kuma su koma can ɗaya ƙarshen. In masu shan ruwa ne, tataccen ruwan batir za a zuba musu, ban da ruwan kogi.

Abin da ya fito daga inbata kuma bolt 230 ne, wannan yana kisa kai tsaye, balle ga mai jiƙaƙƙen ƙafa. Ka sa bireka mai tsinkewa in wuta ta zurare, ta miliamfiya 30, ka sa wanda ya iya ya gwada ta a kan inbatar ya tabbatar tana faɗuwa. Kada kowa ya shiga wanka a gefen jirgi inbata ko janareta na aiki, domin a ruwan daɗi irin na Kainji jikin mutum ya fi ruwan saurin ɗaukar wuta, ta cikinsa take bi ta sandarar da shi ya nutse. In kuma ka sayi janareta don taimaka wa sola lokacin hazo, a fili zai zauna, bakin hayaƙinsa yana kallon waje, nesa da rumfar da kuke kwana. Ka ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da wurin matuƙi, ka riƙa duba allurarta tana kan kore kafin kowace tafiya.