Amsa: Me ya sa tortiyar masara take tsagewa?

Malam, ka ce ka yi tortiya, wato siririyar gurasar masara ta Meziko, amma tana tsagewa. Garin tuwo da ka kwaɓa ne matsalar, ba ya danƙo. A Meziko sai an dafa ƙwayar masara da farin garin da suke kira cal, wato kalsiyam haidiroksaid na abinci, ba na gini ba. Shi ke sa ƙullun ya yi danƙo.

Masara kilo 1, ruwa lita 3, cal giram 10. Ka bar ta ta tafasa a ƙaramar wuta minti 25 zuwa 30, har sai ka murza ƙwaya ɓawon ya saluɓe amma cikinta da sauran tauri. Sauke, ta kwana a ruwan. Da safe ka wanke sau biyu ko uku. Cal in ya yi yawa, ɗaci za ka ji.

A markaɗa ta da danshinta, ta yi laushi sosai. Ka cura kamar giram 30, ka danne tsakanin leda biyu. In gefen ya tsage, ƙara ruwa kaɗan. In ta manne, ruwa ya yi yawa.

Kasko ya yi zafi, babu mai, sai ka ɗora tortiyar. Daƙiƙa 30 ka juya, minti ɗaya ka sake juyawa, za ta kumbura. Ka lulluɓe waɗanda suka gasu da tsumma mai tsabta, tururin ne ke tausasa su.